Shekarar da Tsutsar Hanta Ta Ƙi Jin Magani

Makon jiya a kwatar Tasawa na ji ɗaya daga cikinku, ku yaran da ake turo mana koyon aiki, yana gaya wa abokinsa wai aikin likitan dabbobi ba wani abu ba ne: ka tsaga hanta, ka leƙa, ka buga hatimi, ka je ka sha shayi. Ban tanka masa ba, don a lokacin hannuna yana cikin tumbin wani sa har gwiwa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, tunda in na fara bayani da baki kowa sai ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

A Mayahi na koyi aikin nan, a hannun wani dattijo, Malam Sule, Allah ya jiƙansa. Wata uku na yi ina binsa kwata bayan sallar asuba, bai taɓa bari na riƙe hatimi ba. Wuƙa kawai ya ba ni, da dutsen wasa ta. Yakan sa in rufe ido in shafa hanta da yatsu, in faɗi abin da na ji. Lafiyayyar hanta sumul take, tana da taushi ko'ina. Wadda tsutsa ta zauna a ciki kuwa, za ka ji jijiyoyin matsarmama sun yi kauri sun taurare a ƙarƙashin yatsa, in ka sa wuƙa sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar ta bi ta kan yashi.

Ranar da ya fara barina in duba ni kaɗai, hantar wata tsohuwar saniya ce. Na juya ta, na tsaga, na leƙa, ban ga komai ba, na ce ta yi. Malam Sule ya karɓi wuƙar. Ya bi babbar jijiya ya tsaga ta a tsaye, ya sa babban yatsa ya matsa daga ƙasa. Sai ga ta ta sulluɓo, faffaɗa, ruwan toka, tsawon ɗan yatsa, kamar jiƙaƙƙen ganyen bedi, wato darbejiya, tana lanƙwashewa a bakin wuƙa. Ya ɗaga ta dab da hancina ya ce, "Haruna, wagga hwa? 'Yar'uwarka ce da ka bar ta ta wuce?" Mahauta suka yi ta dariya. Har na bar Mayahi, in suka gan ni sai su ce ina gaisuwa wajen 'yar'uwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙa biyu, hatimi da tawadarsa, allurai, kwalbar ɗura magani, sai akwatin ƙanƙara da ake ɗaurewa a bayan moto, wato babur. A kan akwatin nan Malam Sule ba ya wasa. Dokarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta: duk abin da ya fito daga ɗakin gwaji, da duk abin da za a kai can, cikin ƙanƙara yake tafiya. Na taɓa barin ruwan rigakafi a rana tsawon sallar azahar kawai, ya sa na zubar da shi da hannuna, sannan ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Dokar ta shiga jikina har ban ƙara tunaninta ba.

Abin da ba a rataya shi a moto, kuma ya fi duk kayan nan, shi ne yardar makiyayi. Mutum ba ya miƙa maka saniyarsa don takardar da ka samo a lakwal, wato makarantar boko. Sai ya ga ka ɗaga fatar idon dabba ka ce jininta ya ragu, ka taɓa kumburin da ke ƙarƙashin haɓarta ka ce tsutsar hanta ce, ka tambaye shi wane tabki ta sha, ya ga ka faɗi daidai. Tsutsar nan a ruwa take yaɗuwa. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba, ya shiga 'yar ƙaramar katantanwar bakin tabki, ya fito ya manne a ciyawa, wata dabbar ta ci. In ka ɗura magani dabbar ta murmure, shi ke nan, rugar gaba ɗaya ta zama taka. Haka na yi shekara ashirin da 'yan kai tsakanin Tasawa, Kona da Urafane, kuma ba yabon kai ba, in aka ce likita Haruna ya zo, ba a ɓoye mini ko ɗan maraƙi.

Sai shekarar da damina ta yi yawa, tabkuna suka riƙe ruwa har cikin bazara. Kowa na murna, ni kuwa ina duban yadda katantanwa ke yawaita a bakin ruwa. A arewa da Urafane akwai wani makiyayi, Agali, mutum mai shiru, mai rawani har hanci, wanda in ya yi magana a kara, wato kasuwar dabbobi, sauran makiyaya suna saurare. Shanunsa sun dawo daga kiwon kudu sun rame, haɓarsu ta kumbura. Na duba, na ɗura musu maganin da na saba. Bayan mako uku ba sauƙi. Na sake ɗurawa. Suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar kasuwar Urafane ina tsaye ina duba wani rago, sai na ji kara ta yi tsit. Agali ne ya tsaya a gabana. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi.

"Likita," ya ce, "ruwan alli ka ɗura ma shanuna. Na gaske kuwa, Allah kaɗai ya san inda ka kai shi."

Na ce, "Agali, ka ji tsoron Allah. Gaban idonka na buɗe kwalbar."

"Gaban idona sunka mutu kuma," ya ce, ya juya ya tafi.

Ku da kuke ganin aikin nan da sauƙi, ku tsaya nan ku yi tunani. Jabun magani yana yawo a kasuwanni, kowa ya sani, don haka maganarsa ba ta yi wa kowa wuyar yarda ba. Kafin wata kasuwar ta zagayo, labari ya kai Kona. Lokacin rigakafin shekara ya zo, na je shingen ƙarfen da muke yi wa shanu allura a Urafane, na kwance akwati, na jera allurai, na zauna tun hantsi har la'asar. Ko akuya ba a kawo ba. Washegari ma haka. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don garken da bai sami rigakafi ba, wata cutar ce za ta share shi, ba ma tsutsa ba.

Na rubuta wa manyanmu abin da ya faru. Su suka haɗa ni da wata malamar jami'a, Dakta Rabi, wadda ke bincike a kan tsutsar hanta, a lokacin tana aiki a wani ɗakin gwaji a Maraɗi. Ta kira ni a waya. Ta ce kowane magani akwai wurin da yake kama tsutsa a jikinta, in an daɗe ana ba ta kaɗan-kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba, sai waɗanda suka tsira su haifi irinsu, maganin ya daina samun wurin kamawa. Aikinsu shi ne su bincika jikin tsutsar su gano wani sabon wuri da ba ta iya rayuwa sai da shi, don a ƙera maganin da zai kama ta nan. Amma aikin ba ya yiwuwa sai da tsutsar da ta sha magani ta ƙi mutuwa. Layin yana yankewa, abin da na ji da kyau shi ne, "Baba Haruna, da ransu nike son su. Da ransu."

Na tafi rugar Agali, ban san ko zai amsa sallamata ba. Ya amsa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, amma ba a kawo nono ba. Na yi masa bayani. Akwai wata saniya da ta riga ta kwanta ba ta tashi, ya ce in dai wannan ce, a yanka. Na tsaga hantar, ga su nan cunkus. Na tsince su ɗaya-ɗaya da hankali, na zuba cikin kwalba da ruwan gishiri, suna ta motsi. Na rufe, na buɗe akwatina, na binne kwalbar a tsakiyar ƙanƙara, na ƙara wata a sama don kada rana ta taɓa su. Na ɗaure a moto zuwa Tasawa, na shiga mota zuwa Maraɗi, akwatin a kan cinyata, ina jin kaina gwani.

Dakta Rabi ta buɗe akwatin, ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta girgiza. Sun sandare, sun yi fari, sun kwanta a gindi.

"Baba, wa ya ce ka sa su cikin ƙanƙara?"

Na ce ba wanda ya ce. Haka ake kai kaya ɗakin gwaji.

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Ina tsutsar ga take zaune?"

"Cikin hanta."

"To akwai wurin da ya hi cikin hanta ɗumi a jikin saniya?"

Ni da na yi shekara ashirin ina cusa hannu cikin hanta mai tururi kowace safiya, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Na kashe su da hannuna, da ƙwarewata. Saniyar mutum ta tafi a banza, ga shi dole in koma in gaya masa.

Na koma. Ban ɓoye komai ba, na ce kuskurena ne, ga yadda aka yi. Agali ya daɗe yana zane a ƙasa da sanda. Sannan ya ce, "Yanzu wata kake so."

Na ce e, kuma sai wadda na ɗura wa magani sau biyu. Waɗanda suka rage masa ba su kai goma sha biyu ba, kuma wadda ciwon ya fi bayyana a jikinta saniyar tatsa ce, ja, wadda iyalinsa ke shan nononta. Tana iya tashi, tana iya ci. Ba a neman irin wannan wajen makiyayi, na sani, amma na nema.

Ya ce, "Sharaɗi guda. Ba a kai komi Maraɗi sai na gani da idona. Abin da za a yi, nan za a yi shi, ina kallo. Kuma da kwalbarka, wadda ka ɗura musu, ba wata sabuwa ba."

Na gaya wa Dakta Rabi. Ta ce za ta zo da kanta. Ta ce abin da za a yi a gabansa ba cikakken gwaji ba ne irin na ɗakin bincike, amma ido zai ga abin da zai gani. Sai dai ana bukatar tsutsa ta biyu don a gwada, daga dabbar da ba ta taɓa shan maganin ba, kuma a safiyar ranar.

Wannan ya kai ni gaban Sarkin Fawan Tasawa. Ku sani, tsakanina da mahauta akwai tsohuwar tsama. Duk hantar da na samu da tsutsa, kananzir nake zuba mata in ƙone a gabansu, ko kuka za su yi. A safiyar da aka sa, na duba duk abin da aka yanka, ban sami ko ɗaya mai tsutsa ba. Dakta tana zaune a mota tana jira. Na ja Sarkin Fawa gefe na faɗa masa damuwata.

Ya riƙe haɓa. "Kai, likita! Yau kai ne ke biɗar ruɓaɓɓar hanta? Ina kananzir ɗin?"

"Sarki, don Allah."

"In ta hito, ba ƙonewa, ba rubutu?"

Na ce a yau kam babu. Ya ɗaga wata fatar sa da aka shimfiɗa a gefe, ya jawo hanta biyu, har yanzu da ɗuminsu. A bayana aka zare su, a safiyar nan, ina tsaye ina buga hatimi. Ya nuna ɗaya, ya ce wannan ta tsohon san huɗa ce daga wani ƙauye kusa da Kona, mai shi bai taɓa sayen magani ba tunda aka haife shi. Mahauta suka kewaye ni suna ƙyaƙyatawa. Na haɗiye, na karɓa, na yi godiya.

A wannan karon termos ɗin mai shayi muka ara guda biyu. Dakta ta auna gishiri, ta haɗa ruwa, ta sa na ɗiga a cikin gwiwar hannuna har ya yi daidai da ɗumin jiki. Muka zuba tsutsar Kona a ɗaya, muka kama hanyar Urafane. Da hantsi aka yanka jar saniyar a bayan ofishinmu. Agali da kansa ya riƙe igiyar, matarsa ba ta zo ba. Na tsaga hantar a tsaye yadda Malam Sule ya koya mini, na matso su, Dakta tana karɓa.

Muka sa tasa biyu a cikin babban daro na ruwan ɗumi. Tsutsar Kona a dama, ta Agali a hagu. Ya karɓi ragowar kwalbata, ya jujjuya ta, ya sunsuna, ya miƙa wa Dakta. Ta auna daidai wa daida ta ɗiga a kowace tasa. Dattawan makiyaya biyar da ya gayyato suka zauna a bakin ƙofa. Aikina ranar shi ne ɗora buta a wuta da sauya ruwan daro duk sanda ya fara hucewa. Ban taɓa tsaron wani abu kamar yadda na tsare ɗumin ruwan nan ba.

Har azahar duka tasa biyun suna motsi. Wani dattijo ya yi tsaki ya ce, ai ga shi nan, ruwan alli ne. Muka yi salla muka dawo, na leƙa, sai na ga na dama sun fara nannaɗewa, motsinsu ya ragu. Kafin la'asar sun miƙe sun saki. Dakta ta ba Agali tsinke. Ya taɓa na dama ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta amsa. Ya taɓa na hagu, suka lanƙwashe suna iyo cikin maganin kamar ba a zuba komai ba.

Ya daɗe a tsugune. Dakta ta tambaye shi cikin ladabi, "Baba, can kudu in kun sayi ƙwaya wajen masu yawo da magani, yaya kuke ba su?"

Ya ce, "Guda mukan raba ma ukku. Kowa haka shike yi."

Ashe rabon nan ne ya sa tsutsarsa ta saba da maganin, kwalbata ba jabu ba ce. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya fita da mutanensa, bai dube ni ba. Dakta ta kwashe tsutsarsa cikin termos ta wuce Maraɗi da su a raye. Kafin ta tafi ta rubuta mini wani tsohon magani na daban da za a gwada wa sauran shanun, ta ce kuma a nisanta su da tabkin, a shayar da su a rijiya.

Kada ku tambaye ni ko an sami sabon maganin, don har yau ba a samu ba. Damina huɗu na yi ina aika mata tsutsa a termos, ba wadda ta ƙara mutuwa a hannuna. Zuwan da ta yi na ƙarshe ta nuna mini hoto a kwamfuta, ta ce sun gano wani abu a cikin hanjin tsutsar wanda da shi take narkar da jinin da take sha, in an toshe shi yunwa za ta kashe ta, kuma suna neman abin da zai toshe shi ba tare da ya cuci saniya ba. Ta ce aikin shekaru ne, mai yiwuwa ni ba zan ɗura shi da hannuna ba. Ban gane rabin hoton ba. Amma na san tsutsar da ke cikinsa daga ina ta fito, na san wanda ya tsaga hantar, kuma ina alfahari da haka ba kaɗan ba.

Kwana uku bayan gwajin tasa, na koma shingen rigakafi, don doka ta ce in je ko ba kowa. Na jera allurai na zauna. Hantsi ya yi, ba kowa. Har na fara tunanin in rubuta takardar neman canjin wurin aiki, sai na ji kukan shanu daga arewa. Agali ne a gaba da 'yan shanunsa da suka rage, ƙasusuwa a waje. Can nesa a bayansa, ƙarƙashin itatuwa, garke-garke ne sun tsaya, masu su sun dogara da sanduna suna jira su ga abin da zai yi.

Bai gaishe ni ba, bai ba ni haƙuri ba. Ya buɗe ƙofar shingen da kansa, ya kamo ƙahon karsanar da ta fi kyau a cikinsu, ya jawo ta har gabana, ya danne wuyanta. Sannan ya sauke rawanin daga bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba, ya ɗaga murya yadda na ƙarƙashin itatuwa za su ji.

"Likita, soka mata. Ni na kawo ta."

Na ɗauki allura. Na yi bismilla na soka. Kafin in zare ta, na ji sanduna suna bugun ƙasa, garken farko ya taso.